Ƙarin Sifirin a Motar A-kori-kura: Notina Takwas da Rayukan Jama'a Suka Rataya a Kansu

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a ranar kasuwa, kamar hanyar Wudil ran Jumma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, ba zai rasa gamuwa da tsohuwar motar nan ta a-kori-kura ba. Da sassafe za a gan ta tafe babu kaya, bayanta a ɗage sama, goshinta a sunkuye kamar rago mai shirin karo. Da la'asar kuwa sai ta komo ɗauke da buhunan hatsi, da awaki, da mutane a bisa kaya, har bodinta yana neman taɓa taya.

Wannan ɗagewa ta baya ba haka kamfani ya ƙero motar ba. Aikin gareji ne. Mai mota yakan je wurin makanike ya ce a ƙara masa falle biyu ko uku na sifirin, domin motar ta ƙara tsayi, ta kuma daina durƙushewa in an yi mata lodi. Aikin ba ya wuce wuni guda, kuma galibi mai mota yakan tafi yana murna. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a irin wannan mota abin da ke riƙe ƙafafun baya ga sifirin bai wuce notina takwas ba, huɗu a dama, huɗu a hagu. Idan aka kwance su aka mayar ba bisa ƙa'ida ba, to, direba, da yaron mota, da fasinjojin da ke bisa kaya, duk sun hau haɗari ba su sani ba.

Tsohuwar mota, tsohuwar fasaha

Sifirin mai falle-falle ya girmi mota kanta. Tun zamanin keken doki ake amfani da shi a Turai, kuma a cikin shekarar 1804 wani maƙerin kekunan doki na birnin Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar irin nasa tsarin. Da motoci suka zo sai suka gaje shi. Ƙananan motoci sun daɗe da komawa ga sifirin mai murɗe, amma motocin ɗaukar kaya har yau ba su rabu da mai falle ba, saboda sauƙin ƙirarsa da juriyarsa ga nauyi.

A nan ƙasar, in aka ce a-kori-kura, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne Peugeot, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, na ɗaukar kayansa ya biyo baya a 1967, kuma an ci gaba da harhaɗa shi a ƙasar Kenya har zuwa 1991. Samfurin 504 ya fito a 1968, a-kori-kurarsa kuwa sai a ƙarshen shekarun 1970. Da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta soma aiki a 1975, motocin wannan kamfani suka cika ƙasar, makanikai suka ƙware a kansu, kayan gyaransu kuma suka wadata a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Ban da su akwai Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser, da tsohuwar Land Rover. Dukansu sifirin mai falle ne a bayansu, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kan hanya yanzu sun haura shekara 30 ko 40 suna aiki.

Yadda aka shirya shi

Kafin a gane inda cuta take, ya kamata a san gaɓoɓin. Sifirin tarin fallayen ƙarfe ne masu lanƙwasa kamar baka, an jera su wani bisa wani, dogo a sama, gajeru suna biye. Babban falle shi ne wanda aka naɗe bakinsa biyu kamar zobe. A cikin kowane zobe akwai bushin, watau roba mai bututun ƙarfe a tsakiya, inda kusa take ratsawa. Zoben gaba yana maƙale da shasi kai tsaye. Na baya kuwa yana rataye da wasu gajerun ƙarafa biyu masu lilo, domin in nauyi ya danne sifirin ya miƙe, tsawonsa yakan ƙaru, tilas ne a bar masa wurin motsi.

A tsakiyar fallayen akwai rami guda, inda wata siririyar kusa da makanikai ke kira santa-bol take ratsa su duka ta haɗe su. Kan wannan kusa yana shiga wani ɗan rami a mazaunin da ke jikin aksul, don aksul ya zauna daidai inda ya kamata. Sa'an nan sai manyan kusoshi biyu masu siffar ƙugiya, waɗanda ake kira yu-bol, su rungumo aksul da sifirin su matse su wuri guda tare da wani faranti mai kauri. Kowane yu-bol yana da noti biyu. Daga ƙarshe akwai 'yan maɗaurai na ƙarfe a gefe da gefe, masu hana fallaye bajewa kamar mafici.

Abin lura a nan shi ne, a yawancin motocin a-kori-kura aikin sifirin bai tsaya ga ɗaukar nauyi ba. Shi ne ke riƙe aksul kada ya yi gaba ko baya. In direba ya taka totur, ta jikinsa ƙarfin taya ke bi ya tura motar. In ya taka birki, shi ne ke tare jijjigar. Saboda haka sakin noti a wannan wuri ba daidai yake da sakin noti a ƙofa ko a bamba ba.

Hanyoyin ɗaga mota

Ba a nan kaɗai ake ɗaga a-kori-kura ba. A ƙasar Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin motoci irin su Ford F-100, wadda aka ƙera daga 1953 zuwa 1983, waɗanda kan ƙara musu tsayi don su sa manyan tayoyi, ko don shiga daji, ko kuwa don ado kawai. A nan kuwa neman abinci ne ya kawo abin. Amma dalili ko wane iri ne, hanyoyin uku ne, kuma matsalolin da ke biyo baya iri ɗaya ne.

Hanya ta farko ita ce ƙara falle, ko sāke sifirin gaba ɗaya da wanda ya fi lanƙwasa. Ta biyu ita ce sanya ƙarafan lilo masu tsawo. Wannan ba ta ba da tsayi mai yawa, domin gefe guda kaɗai ake ɗagawa: in aka ƙara inci biyu a ƙarfen lilo, motar ba ta tashi fiye da kimanin inci ɗaya. Ta uku ita ce cusa dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, a motocin da sifirinsu yake bisa aksul. Masana ba su yarda a ɗora dunƙule bisa dunƙule ba, ba su kuma yarda a sa shi a ƙafafun gaba ba, domin da su ake juya mota, kuma su ne suka fi ɗaukar nauyin birki.

Abin da jak ke tonawa

Sau da yawa ba a gane cewa wani abu ya saki sai ranar da aka ɗaga motar. Muddin tana tsaye a kan tayoyinta, nauyinta yana danne kome, har abin da ya saki ya yi kamar a ɗaure yake. Haka nan in aka sa jak a ƙarƙashin aksul, nauyin yana nan a kan sifirin, ba za a ga kome ba. Mai son ganin gaskiya sai ya tokare shasi, ya bar aksul yana reto.

Amma kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, tilas ne a tsayar da motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, a kuma ɗora shasi a kan madogaran ƙarfe. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulo na siminti kuwa yakan fashe farat ɗaya ba tare da wata alama ba. A wurin da ƙasa take da yashi, sai a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin madogaran.

Da aksul ya rataya, mai mota zai ga abubuwa suna motsi, hankalinsa ya tashi. To, ba kowane motsi ne cuta ba. Bakunan fallaye sukan ɗan rabu da juna, musamman gajeren falle mai kauri na ƙasa, wanda ba ya shiga aiki sai an yi lodi mai nauyi. Wannan daidai ne. Maɗauran gefe ma da gangan aka bar musu 'yar tazara, domin fallaye suna zamewa bisa juna in mota tana tafiya. Wanda ya sa guduma ya matse su gam, ko ya yi musu walda, ya mai da sifirin sandar ƙarfe. Ƙarfen lilo shi ma dole ya yi gaba ya yi baya, aikinsa ke nan.

Motsin da ba a yarda da shi ba iri huɗu ne. Na farko, fallaye su motsa a tsakiya, inda yu-bol ya matse su. Na biyu, aksul ya gusa ko ya juya a mazauninsa in an girgiza taya. Na uku, zoben babban falle ya yi wasa hagu da dama, ko sama da ƙasa, in an sa ƙarfe an ɗan banƙare shi, watau bushin ya mutu ko kusa ta ci ramin da take ciki. Na huɗu, marataya da ke jikin shasi ta motsa. A tsofaffin motoci da yawa da ƙusoshin dauri aka kafe ta, kuma in sun saki akan ga jan tsatsa ya zubo daga gindinsu.

Akwai kuma alamun da ido ke gani. Jan gari mai laushi kamar lalle a tsakiyar fallaye alama ce ta ƙarfe yana cin ƙarfe. Haka nan wuri mai sheƙi a gefen yu-bol ko a kan faranti. Tsofaffin makanikai sukan ɗauki ƙaramar guduma su ƙwanƙwasa yu-bol: wanda yake a ɗaure yakan yi ƙara mai zaƙi, wanda ya saki kuwa sai ya yi ƙara a dushe.

Laifin yu-bol ne, ba na santa-bol ba

Abin da aka fi ji a gareji shi ne santa-bol ya karye. Sai a sayo sabo a sa, a mai da tsofaffin yu-bol, bayan 'yan makonni kuma motar ta komo da ciwonta. Dalili shi ne an yi maganin alama, an bar cutar.

Santa-bol siririyar kusa ce, kaurinta bai fi na ɗan yatsa ba. Ba a yi ta don ta tare ƙarfin injin ko na birki ba. Aikinta kawai ta haɗa fallaye, ta kuma nuna wa aksul mazauninsa a lokacin haɗawa. Abin da ke riƙe kome shi ne matsin yu-bol. In matsin ya cika, tsakiyar sifirin da aksul sukan zama kamar ƙarfe guda, ba abin da ke gusawa. In ya ragu, duk tashi da duk tsayawa sai aksul ya daki kan santa-bol, yau da gobe har ya guntule shi kamar an sa almakashi.

Haka abin yake ga fallayen kansu. Ramin tsakiya shi ne wuri mafi rauni a jikin kowane falle, shi ya sa aka tsara a matse wurin kada ya lanƙwasa ko kaɗan. Da matsi ya saki sai lanƙwasawa ta iso ramin, tsaga ta soma. Saboda haka masu sana'ar sifirin suke da wata ƙa'ida: falle in ya karye ta kan ramin tsakiya, to, yu-bol ne ya saki. In ya karye a wani wuri, sai a tuhumi tsufa, ko yawan lodi, ko tsatsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me ke sa yu-bol ya saki bayan an ƙara tsayi? Dalilan sanannu ne.

Na ɗaya, mai da tsohon yu-bol. Duk lokacin da aka ɗaure shi sosai yakan ɗan miƙe, zarensa kuma ya sāke siffa daidai da notin. Ga tsatsa ta shekaru. In aka sāke ɗaure shi, hannu zai ji tauri, amma taurin na gogayyar zare ne, ba na matsi ba. Don haka masu ƙera sifirin suke cewa duk yu-bol da aka kwance a sāke shi da sabo, tare da notinsa da washarsa.

Na biyu, tsawon da bai dace ba. In an ƙara falle, tarin ya ƙara kauri, tsohon yu-bol ya gajarta, noti ya kama zare kaɗan kawai. Ya kamata bayan an gama ɗauri a ga zare biyu ko uku sun leƙo bayan notin. In kuma yu-bol ya yi tsawo da yawa, noti yakan kai ƙarshen zare ya tsaya tun bai matse faranti ba. Makanike zai ja har gumi ya karyo masa, ya rantse ya ɗaure, alhali kuwa fallaye suna wasa. Tara washa biyar ko shida don cike giɓi ba magani ba ne.

Na uku, siffar da ba ta dace ba. Akwai yu-bol mai zagayayyen kai, akwai mai kusurwa, akwai na tsaka-tsaki. In aka sa wanda bai yi daidai da mazauninsa ba, wuri kaɗan zai taɓa, kuma nan da nan zai lotsa.

Na huɗu, datti. Tsatsa, da ƙasa, da fenti mai kauri da ke tsakanin fallaye sukan murƙushe bayan an yi 'yar tafiya. Tarin ya ɗan rage kauri, matsi ya tafi, ko da noti bai juya ba ko kaɗan. Wannan shi ya sa ko aikin da aka yi da kyau yake bukatar a sāke bin notinsa.

Na biyar, santa-bol da bai zauna ba. Wani lokaci kansa gajere ne, bai shiga ramin mazauni sosai ba, wani lokaci kuma ramin ne ya buɗe saboda daɗewa ana wasa a cikinsa. Faranti da ya lanƙwashe shi ma ba ya matsewa daidai.

Alamu a kan hanya

Direba mai kula yakan ji abin tun kafin ya ɓaci. Akan ji ƙara ƙwas daga baya in an tashi ko in an taka birki. Mota takan riƙa jan gefe guda, sitiyari ya karkace ko da hanya miƙaƙƙiya ce. Wanda ke biye da ita a baya zai ga tana tafiya a karkace kamar kaguwa, ƙafafun baya ba sa bin sawun na gaba. Taya guda takan matso kusa da bakin bodi fiye da 'yar'uwarta, tayoyin baya kuma su riƙa cinyewa ta gefe.

Gwajin wannan ba shi da wuya. A miƙe sitiyari, a ɗauki igiya ko tef a auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ta baya, a dama da hagu. In awon ya bambanta a fili, aksul ya gusa. Motar da ta kai wannan hali ba ta lodi ba ce, ba ta fasinja ba ce. In aksul ya kuɓuce ana cikin gudu, taya takan daki bodi ta cije, bututun man birki ya tsinke, furofela ta zare, motar ta juya inda direba bai nufa ba. Daga baya a ce tsautsayi ne, alhali kuwa ta daɗe tana ba da sanarwa.

Yadda ake aikin bisa ƙa'ida

Bayan an tokare shasi, sai a sa jak ya ɗan tallafi aksul don kada ya faɗo ya ja bututun birki. Gefe guda ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, amma duk abin da aka yi wa dama sai an yi wa hagu, in ba haka ba motar za ta karkace.

Kafin a kwance santa-bol, wajibi ne a matse fallaye da ƙarfen matsewa a gefensa biyu, sa'an nan a sassauta a hankali. Fallayen a takure suke, in aka sake su gaba ɗaya sukan yi tsalle su karya hannu ko haƙori. Sai a goge kowane falle da burushin ƙarfe, a duba tsaga, musamman kewayen rami da gindin zobe. Fallen da za a ƙara ya kasance faɗinsa ɗaya da sauran, tsawonsa kuma ya shiga jeri daidai, ya fi na ƙarƙashinsa, bai kai na samansa ba. Kada a huda rami da wutar walda, kada a gasa falle don a lanƙwasa shi, kada kuma a yi wa karyayye walda. Ƙarfen sifirin da wuta aka ba shi ƙarfinsa a masana'anta, kuma wuta ce ke ƙwace shi. Karyayyen falle na maƙera ne, su yi wuƙa ko gatari da shi.

Sai a sa sabon santa-bol mai tsawon da ya isa, a matse fallaye da ƙarfen matsewa tukuna, ba a ja su da notinsa ba, a ɗaure, a yanke abin da ya yi saura. A tabbata kansa ya faɗa ramin mazauni sosai. Daga nan a sa sababbin yu-bol, a riƙa ɗaure notina huɗun kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, don faranti ya sauka daidai. Ƙarshen ɗauri da sifana mai ma'auni ake yinsa, gwargwadon adadin da littafin motar ko mai ƙera yu-bol ya faɗa, domin adadin ya danganta da kaurin ƙarfen da ingancinsa. Al'adar nan ta zura bututu a sifana yaro ya hau ya taka ba awo ba ce: wani notin zai wuce kima har ƙarfe ya miƙe, wani kuma bai kai ba.

Kusoshin zobe da na ƙarfen lilo suna da tasu ƙa'ida. A sa su, a ɗan kama su, amma kada a ƙarasa ɗaurewa sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, an kuma girgiza ta sau biyu ko uku. In aka ɗaure su aksul yana reto, da an sauke motar robar bushin za ta murɗe ta zauna a haka, ba da daɗewa ba ta yage. Kusoshin kuma su kasance masu ƙarfi. Akan ga lamba 8.8 ko 10.9 a kan irin waɗanda suka dace, na Amurka kuwa 'yan layuka uku ko shida. Kusar da ba ta da wata alama a ka ba ta wannan wuri ba ce.

Sauran abu guda, wanda shi aka fi mantawa: komawa gareji. Shawarar masu sana'ar ita ce a sāke bin notinan yu-bol bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 150, a kuma sāke bayan kimanin kilomita 800, daga nan sai a riƙa dubawa duk lokacin da aka yi juyen mai. Ɗigon fenti a kan noti da faranti yana taimakawa, domin in noti ya juya za a gani da ido. Makanike na ƙwarai tun wajen sallama yake gaya wa mai mota cewa aikin bai ƙare ba sai ya dawo bayan kasuwa ɗaya ko biyu.

Abubuwan da ƙarin tsayi ke taɓawa

Ko an ɗaure kome daidai, ɗaga mota yana shafar wasu sassa. Bututun roba na man birki da wayar birkin hannu an yanke su ne daidai da tsayin asali. A duba su sa'ad da aksul yake reto: in sun miƙe kamar tsirkiya, sai an sāke su da masu tsawo. Haka nan shokoba, in ta gajarta ita ce za ta riƙa tare aksul, har ta tsinke ko ta fizge mazauninta. Furofela ma kusurwarta takan canja, a soma jin kakkarwa a wani mataki na gudu, kurosinta ya riƙa mutuwa da wuri. Sifirin da ya cika lanƙwasa kuma yakan ja ƙarfen lilo har ya kusa miƙewa, wata rana in mota ta faɗa rami ya juye ta ɗaya gefen ya cije.

A wasu motocin akwai wata 'yar na'ura a baya mai auna nauyin kaya ta hanyar tazarar da ke tsakanin bodi da aksul, tana ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi. In aka ɗaga bodi ba a daidaita ta ba, za ta ɗauka motar ba kaya ko da an cika ta, sai birkin baya ya yi rauni a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Tsayi ba ƙarfi ba ne

A-kori-kura irin ta Peugeot an yi ta ne don kaya na kimanin tan guda, watau wajen buhu goma na masara mai kilo 100, kuma nauyin mutanen da ke ciki yana cikin lissafi. Ƙarin falle yana hana bodi durƙushewa, amma bai ƙara wa aksul kauri ba, bai sāke boris ba, bai faɗaɗa birki ba, bai kuma ƙara wa taya juriya ba. Hasali ma dai ya kawar da alamar da a dā take gaya wa direba cewa kaya sun isa. Bugu da ƙari, gwargwadon tashin kaya sama, gwargwadon sauƙin kifewar mota a kwana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa lodin da ya wuce kima cikin laifuffukan hanya, amma ma'aikacinta ba zai shiga ƙarƙashin kowace mota ya ƙwanƙwasa noti ba. Wannan nauyi yana wuyan mai mota, da direba, da makanike.

Kuɗin sababbin yu-bol huɗu da santa-bol biyu bai kai na tayar mota guda ba, sāke bin noti kuma bai fi aikin minti goma sha biyar ba. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin makanikai za su yi wa jama'a babban taimako in suka mai da wannan dubawa al'ada, kamar yadda ake duba ruwa da mai kowace safiya. Waɗannan tsofaffin motoci sun yi wa ƙasa aiki shekaru masu yawa, kuma har yanzu su ne ke kai amfanin gona kasuwa daga ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga. Za su ci gaba da yi, muddin ana kula da notinan nan takwas.